Jawabin da Na Bi Gari Uku

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka tashi, ni da taubashina, a kan mashin ɗinsa mai kuka kamar tsohuwar akuya. Ku da kuke karanta abin da nake rubutawa, ku yi haƙuri, wannan karon ba labarin daɗi na kawo ba. Na yi kwanaki ina juya shi a raina kafin in yarda in rubuta.

Bari in fara da abin da ya fitar da mu. Mu goma sha huɗu muke noman rani a layin ruwa ɗaya, a wani ƙauye bayan Bakura. Ruwan kanal, magudanar da ke kawo mana ruwa daga dam, rabo ake yi, kowane layi da ranarsa, kuma tamu ta faɗo Laraba. Irin shinkafar da muka rena ya isa dashe, an kira gayya, an gaya wa mata su shirya abinci. Sai labari ya zo cewa wani ɗan takara zai yi jawabi a Bakura kan wasu 'yan kasuwar ƙasashen waje da ke son sayen shinkafarmu, da wani sabon iri da za a raba. Yayana shi ne shugaban layi. Ya kira ni ya ce, "Kai ka iya rubutu, kuma ba ka ƙara ma magana gishiri. Tahi ka jiyo muna. Amma ka sani, kunne munka aike ka, ba baki ba." Na ce to. Iyakar karatuna aji shida ne, amma abin da na ji ina iya ajiye shi a takarda. Na sayi biro biyu don kada ɗaya ya ƙi, kuma kafin mu fita gari sau uku ina taɓa aljihu in ji ko suna nan.

Hanyar da ke bin gefen kanal duk tayar tarakta ta farfashe ta. Inda ruwa ya ɓalle ya kwanta sai na sauka, taubashina ya tura mashin yana yi mini tsiya wai nauyin tunanina ne ke nutsar da taya. Mun sha mai a wajen mai kwalba, kuɗin ya sa muka kalli juna. A Bakura muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan bana sun koma kamar 'ya'yan carbi, har taubashina ya tambayi mai tuyar ko sai an cika talatin da uku ake ƙoshi. Ta ce ya je ya tambayi mai wake.

Da hantsi aka cika dandali. An kafa rumfuna, lasifika na ta ƙara, mu manoma muna tsaye a rana. Da mutumin ya hau, bai fara da siyasa ba. Ya gaishe da sarakai, ya gaishe da malamai, ya gaishe da masu laka a ƙafa, ya ce su ne manyan baƙinsa. Sannan ya sauke murya ya ce kakarsa 'yar Bakura ce, da sussukar shinkafa ta rene shi, har yau in ya ji ƙamshin sabuwar shinkafa ita yake tunawa. Wuri ya yi tsit. Ni kaina sai da na share ƙwalla.

Daga nan ya ɗaga wayarsa sama ya ce, "Wanga abu ina aka yi shi?" Jama'a suka ce ƙasar Sin. Ya nuna agogonsa, aka faɗi wata ƙasa. Ya cire takalmi ɗaya ya ɗaga, aka yi dariya, aka faɗi wata. Sai ya ce, "To in kayansu sun san hanyar Bakura, mi ya hana shinkafar Bakura sanin hanyar garinsu?" Wallahi ban san lokacin da na sa littafi a hammata na kama tafi ba. Ya ce duniya ta zama gari guda, kasuwa guda, ciniki guda. Ya ce duniya ba ta jiran mai nawa, ya sake faɗa, ya sake, har muka karɓe muna faɗa tare da shi. Ana cikin haka wani tsoho mai yagaggiyar riga, kai ba hula, ya kutso gaba yana hawaye, ya ce ya tsufa a gona bai taɓa jin wanda ya tuna da manomi ba sai yau. Ɗan takarar ya sauko, ya rungume shi, ya cire hularsa ya sa masa.

A kan wannan zafi ya kawo maganar iri. Ya ce masu saye daga waje ba su son irin da muka saba, sai wani dogo mai ƙamshi, kuma yana kan hanya. Ya ce, "Wanda ya riga ya cika gonarsa da tsohon iri, kada ya zo gobe yana kuka."

Wannan magana ce ta kama ni. Ni mutum ne mai tsoron a ce ta dalilina aka yi asara. Na ga gobe Laraba, na ga gonaki goma sha huɗu cike da tsohon iri, na ga ana raba sabo muna kallo. Na koma bayan wani shago na kira Yaya. Na ce a dakatar da dashe, a sallami gayya, sabon iri na zuwa, duniya ba ta jiran mai nawa. Haka na faɗa masa, da muryar da ba tawa ba. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce da kunnena na ji. Ya ce, "To, tun da kai ka hwaɗi. Bari in ba layin gabas ranarmu, kada ruwa shi tahi banza."

Sai bayan na kashe waya na duba littafi na ga ban rubuta ranar da irin zai iso ba. Na zargi kaina, na ce tafi ne ya ɗauke mini hankali. Sanƙira ya yi shela cewa cikakken bayani sai a babban taron Talata Mafara bayan azahar. Muka hau mashin muka bi su.

Daga mahaɗar Lambar Bakura mun hau kwalta, jiki ya huta. Manyan motoci ɗauke da albasa suna wuce mu, warinta na bin mu. Mun tsaya a shingen jami'an tsaro biyu, aka duba mu aka ce mu wuce. Ranar kasuwa ce, tun daga bakin gari amalanke da kabu-kabu da raguna sun cuɗe. Na bi layukan kasuwa ina kallon kaya da sabon ido: tocila, gwanjo, maganin feshi, bokitin roba, ina karanta sunayen ƙasashe a jikinsu ina cewa lallai mutumin nan ya yi gaskiya. Muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka a wata rumfa. Mai abincin ta ga littafina ta ce, "Malam, in taron ga za ka, ka rubuto muna ranar da za a rage kuɗin manja." Na yi dariya, a raina kuwa ina ganin ba ta gane inda duniya ta dosa ba.

Taron Mafara ya ninka na Bakura. Na samu gindin wata bishiya na buɗe sabon shafi, na yi alkawari ba zan yi tafi ba sai na rubuta rana. Ya hau, ya gaishe da sarakai da malamai da masu tsugune a bakin kaya. Ya sauke murya. Ya ce kakarsa 'yar Mafara ce, da tallan daddawa a wannan kasuwa ta rene shi. Nan take na nema masa uzuri: ai kowa kaka biyu gare shi. Waya ta tashi sama, agogo ya biyo, takalmi ya fita daga ƙafar da ya fita ɗazu. Aka yi dariya a inda aka yi ɗazu. Can sai ga tsoho ya kutso yana hawaye, riga daban, kai ba hula. Taubashina ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Kai, Baba ya samu hula ta biyu."

Daga bayanmu wani ya ɗaga murya ya ce, "Ranka shi daɗe, nawa za su sai buhu?" Wasu suka ce a faɗa, a faɗa. Mutumin ya ɗaga hannu ya ce mu yi wa Annabi salati. Muka yi, wa zai ƙi? Kafin mu rufe baki ya wuce zuwa maganar wasu da ba su son talaka ya ci gaba, wasu da suke son mu mutu a inda aka haife mu. Bai faɗi ko su wane ne ba. Amma mai tambayar bai sake buɗe baki ba, don duk wanda ya ƙara magana a lokacin ya zama ɗaya daga cikinsu. Aka watse da shelar cewa wakilin masu sayen zai zo da kansa gobe a Maradun.

A nan ne babbar kunyata take, ba a Bakura ba. Da la'asar na zauna a ƙofar gidan wani ɗan'uwanmu da ya sauke mu, na jera shafi biyu ina dubawa. Magana ɗaya ce, ba rana, ba sunan iri, ba farashi. Da na kira Yaya a lokacin, da ya je ya roƙi mutanen layin gabas su maido mana ranarmu, don ba su riga sun kira tasu gayyar ba. Taubashina ya bar wasa ya ce, "Kira shi. Ce mai ka yi sauri." Na ciro waya na riƙe, ban kira ba. Abin da nake ji kawai shi ne za a ce da safe ya ce kaza, da marece ya ce kaza, mai baki biyu. Kuma in na ce a yi dashe, gobe wakili ya sauke buhunan iri a Maradun fa? Na ce masa mu bari mu ga wakili tukuna. Ya kalle ni ya ce, "Kai dai tsoron kunya za shi kai ka ga kunya." Na mayar da waya aljihu.

Washegari muka bar mashin a Mafara muka shiga mota, don hanyar Maradun an fi son a bi ta cikin jama'a, rana tana sama, saboda rashin tsaro. Sai da muka jira motoci suka taru. Direba ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, ga buhun gishiri a kan ƙafafuna. Wasu mutanen Janbako da muka shiga tare suna ta hirar lalacewar hanyarsu, ɗaya ya ce tun da duniya ta zama gari guda a fara haɗa Janbako da kwalta mu gani. Kowa ya yi dariya ban da ni. A wani wuri muka haye babban kanal, ruwa ya cika shi taf yana gudu. Na san inda za shi, na kuma san ranar wa ce. Na kau da kai.

Maradun gari ne na kifi, saboda ruwan dam. Tun daga tasha ƙamshin suya ya tare mu. Taubashina ya sayi tarwaɗa biyu, ni na kasa ci.

A taro na uku na tsaya kusa, na buɗe shafin Bakura na ɗora yatsa a kai. Kaka ta zo a inda na sa yatsa. Wannan karon Bafillatana ce, da tallan nono ta rene shi. Kaka ta uku ke nan. Daga nan na daina jin abin da yake faɗa, na koma kallon yadda yake faɗarsa, kamar yadda ake tsayawa a kalli magini yana jera tubali.

Na lura yana fara zama ɗan gida kafin ya nemi komai, don ba a yi wa ɗan gida tambayar da ake yi wa baƙo. Na lura tambayoyinsa duk masu amsa ɗaya ne, kuma mu yake sa mu faɗi amsar, sai mutum ya ji kamar shi ya gano abin da kansa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wayar nan da agogo da takalmi gaskiya ne, duka ukun. In ka ce e sau uku, na huɗun yana fita kafin ka auna shi, na huɗun kuwa shi ne irin da ba wanda ya gani. In ya zo wurin da ya kamata a ji rana ko suna, sai ya jefa Turanci kalma biyu uku masu nauyi, mu da ba mu yi nisa ba mu sunkuyar da kai. Bai taɓa cewa ni zan kawo ba, kullum za a kawo, ana nan tafe. Kuma yana kawo tsoro daf da kwaɗayi, ba ya barin tsakani inda mutum zai numfasa. Ban ce duk ƙarya ya yi ba, Allah ne ya san zuciyarsa. Gaskiya ne abin da ke faruwa a ƙasashen da ban taɓa gani ba yana taɓa kuɗin takin da nake saye. Amma wannan daban, buhun iri a ƙofar gona daban.

Da tsoho ya karɓi hularsa ta uku, ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na ɗaga biro sama. Aka miƙo mini abin magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, mun dakatar da dashe saboda maganarka. Wace rana irin zai iso, kuma wa za mu nema?"

Ya yi murmushi ya nuna ni da hannu biyu. Ya ce, "Jama'a, ku dubi wanga bawan Allah! Da littahi nai da biro nai! Irin manomin da duniya ka nema ke nan!" Ya tambayi sunan ƙauyenmu, na faɗa, ya sa aka yi mana tafi. Jama'a suna dafa kafaɗata. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na tsinci kaina ina washe baki ina cewa na gode, na gode. Sai da aka karɓe abin maganar na tuna ba a amsa mini ba. Wakilin kuwa an ce yana kan hanya.

Muna komawa tasha na hangi tsohon nan a bayan wani shago, yana cin kifi da direbobin tawagar, hular tana cikin leda a gefensa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi gida da iyali da gajiya, sannan na ce, "Baba, gonarka tana wane gari?" Ya tsotse ƙaya ya dube ni ba fushi ba kunya, ya ce, "Ɗana, rabona da hauya tun kana goye. Kowa da sana'a tai." Ya miƙo mini kan kifi. Na ce na ƙoshi.

Mun koma Mafara, muka ɗauki mashin, muka isa gida ana kiran la'asar. Taubashina bai yi mini tsiya ko sau ɗaya a hanya ba, wannan ya fi tsiyar ciwo. Layin gabas ya sha ruwa ya koma kore shar, namu fangalai a bushe, ƙasa ta fara tsagewa. Bayan salla mutanen layinmu suka zauna a ƙofar masallaci. Na tsaya na karanta musu shafi uku ɗin, ban rage komai ba, har da wayar da na riƙe a Mafara na ƙi kira, har da godiyar da na yi a Maradun.

Wani ya ce, "To shinkahwar tamu jirgin ƙarhe nawa za ta shiga?" Aka yi 'yar dariya ta mutu nan take. Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Da wani na ya kira, da mun ce zahin taro na, mu yi dashenmu. Don kai na munka yarda."

Ranarmu ba ta sake zagayowa ba sai bayan kwana takwas, kuma 'yan gayya sun riga sun yi wa wasu alkawari, dole muka yi dashen da kanmu, gona bayan gona. Akwai wani dattijo a layinmu da ya riga kowa zuba iri, don ba shi da mataimaki yana son ya fara da wuri. Nasa ne ya fi tsufa, kara ya yi tauri, ganye ya fara ja. Irin da ya kai haka ko an dasa ba ya 'ya'ya da yawa. Nawa kuwa na makara wajen zubawa, shi ya sa yake da sauran ƙuruciya. Yaya ya ce, "Ka ba Baba naka, ka ɗauki nashi." Dattijon ya ce a'a, ƙaddara ce, a bar yaro. Na ce a bar ni in ɗauka, ko na samu in iya bi ta ƙofar gidansa in gaishe shi. Da hannuna na tuge irina na kai masa gona, na dasa masa, sannan na kwashi nasa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma na saye shi da tsada. In mai magana ya sa ni kuka ko tafi, to lokacin ne zan duba takarda in ga ko akwai rana, da suna, da wurin da za a same shi. In an aike ni jiyowa, in jiyo in kawo, masu gona su yanke. In kuma na gane na yi kuskure da la'asar, kada in bari ya kwana don tsoron abin da za a ce.

Har yau sabon iri bai iso ba. Jiya na zaga gonaki. Ta dattijon nan ta kama, ta yi duhu, har ta fara rufe ruwa. Tawa tana tsaye kara ɗai-ɗai, ana hango ƙasa a tsakani. Na tsuguna na cire ciyawa har azahar. Abin da ta bayar a bana, da shi za mu ci, ni da iyalina da ba su je taron kowa ba.